Idan Aka Ce Sinadaran Zuciyar Jariri Sun Hau

Ranar da ƙanwata ta yi haihuwar fari, yaron bai yi kuka nan take ba. Naƙudar ta ja, ta kwana ta wuni. Da ya fito kuma, kamar yadda nas ta shaida mana daga baya, sai da aka goge shi, aka ɗora masa 'yar robar nan a hanci da baki ana matsa masa iska, kafin ya saki murya, ita ma can ƙasa-ƙasa. Aka wuce da shi ɗakin jarirai. Washegari da la'asar mijinta ya dawo daga ɗakin gwaji da takarda a hannu, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Layuka huɗu ne a jikinta: CK, CK-MB, LDH, AST, kowanne da ɗan tauraro a gefensa. A gaban CK-MB an rubuta iyakar lafiya 25, lambar yaron kuwa ta ninka haka fiye da sau uku. Wani bawan Allah da ke zaune kusa da mu a benci ya leƙo, ya ce ai wannan gwajin bugun zuciya ne, irinsa aka yi wa mahaifinsa kafin ya rasu. Jikin kowa ya yi sanyi.

Inna ce ta tare likitan a bakin ƙofa. Ta ce, "Likita, don girman Allah ka faɗa mini gaskiya, zuciyar tasa ce ta lalace?" Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ni yaron nake dubawa kafin takarda. Ya sha wuya wajen fitowa, kuma jininsa ya nuna haka. Mu ga yadda zai yi nan da kwana uku."

A lokacin na ɗauka lallashi ne irin na likitoci. Sai da na zauna na bi al'amarin dalla-dalla na gane cewa a cikin wannan gajeriyar amsa ya tattaro kusan duk abin da ilimin likitanci ya sani a kai. Shi nake so in warware a nan, saboda takardar nan tana hana iyaye barci a inda babu abin tsoro, wani lokaci kuma tana ɗauke hankalinsu daga inda tsoron yake.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum kamar ƙaramin buhu take, a ɗinke, cike da kayan aikinta. A cikin kayan akwai sinadaran da likitoci ke kira enzayim, masu gaggauta ayyukan cikin ƙwayar, musamman samar mata da ƙarfi. Mazauninsu cikin buhun ne. Idan ƙwayar ta matsu, ko ta rasa iskar oksijin, ko ta mutu, sai ɗinkin ya saki, kayan su tsiyaye cikin jini. Abin da ya zube ɗin shi mai gwaji yake aunawa. Wanda ya ga gero a zube a hanyar kasuwa ya san wani buhu ya huje. Amma geron ba zai gaya masa buhun waye ba, ba zai gaya masa huji ne ɗan ƙarami ko yagewa ce ba, ba zai ma gaya masa ko tuni mai shi ya ɗinke ya wuce ba.

To, buhun waye? Nan ne sunan "sinadaran zuciya" yake ruɗar mutane, domin yawancinsu ba na zuciya kaɗai ba ne. AST shi ne na farko da aka fara amfani da shi wajen gano bugun zuciya a manya, tun 1954 a Amurka, amma akwai shi da yawa a hanta da tsokar jiki. LDH kuwa kusan babu inda babu shi, har cikin jajayen ƙwayoyin jini. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗibar jinin jinjiri ya san aikin ba sauƙi: jijiyar kamar zare, wani lokaci sai an tsaga dunduniya ana matsawa ɗigo-ɗigo. Wannan matsar tana fasa jajayen ƙwayoyin, LDH da AST su ƙaru a cikin kwalbar gwajin, alhali a jikin yaron ba haka suke ba.

CK iri uku ne. Akwai CK-MM, wanda ya fi yawa a tsokar hannu da ƙafa da sauran jiki. Akwai CK-BB na ƙwaƙwalwa. Sai CK-MB, wanda a jikin babban mutum ya fi taruwa a tsokar zuciya. Saboda haka idan dattijo ya zo da ciwon ƙirji aka ga CK-MB ɗinsa ya hau, an san inda za a nufa. Jariri kuwa ba ƙaramin dattijo ba ne. Tsokar jikinsa ba ta gama nuna ba, tana ɗauke da kason CK-MB fiye da na babba. Ga shi kuma ya shafe sa'o'i mahaifa tana matse shi, ya ratsa ta ƙugu kafaɗu a takure, an ja, an murɗa, an yi masa allurar bitamin K a cinya. Duk wannan tsoka ce take shan matsa. Shi ya sa jaririn da aka haifa lafiya ƙalau, ya yi kuka ya kama nono, za a iya samun CK ɗinsa ya ninka na babban mutum sau da yawa, har kusan sau goma. Waɗanda aka haifa da kansu sukan fi waɗanda aka ciro ta hanyar tiyata, saboda su ne suka bi ta matsi. Lambar takan kai ƙololuwa a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ta kama sauka, zuwa ranar suna yawanci ta yi ƙasa sosai.

Akwai kuma wani abu game da injin gwajin kansa da ya kamata a sani. Hanyar da ta fi araha wajen auna CK-MB ita ce a toshe ɓangaren M, a auna abin da ya rage na B, a ninka shi biyu. Dabarar tana aiki a jinin manya, domin ana ɗauka babu CK-BB a cikinsa. Jinin sabon jariri kuwa yana da CK-BB, sai injin ya haɗa shi cikin lissafi, ya kuma ninka. Lambar ta fito a kumbure. Sannan iyakar da aka buga a gefen takardar, irin 25 ɗin nan da ta tayar mana da hankali, a mafi yawan ɗakunan gwaji iyakar manya ce. Tauraron da ke gefe kwamfuta ce ta sa shi, kuma ba ta san jinin na ɗan kwana ɗaya ba ne.

Gwajin da ya fi kusa da nuna zuciya ita kaɗai shi ne tiroponin. A haƙiƙa shi ba enzayim ba ne, furotin ne da ke cikin injin da ke sa tsoka ta tsuke ta saki, amma bakin mutane ya saba haɗa shi da su. Masanin Japan Setsuro Ebashi ne ya gano shi a 1965, likitan Jamus Hugo Katus kuma ya samar da hanyar auna na zuciya a jini a ƙarshen shekarun 1980, daga shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka ɗauke shi a matsayin ma'aunin farko na bugun zuciya. Wannan geron an san mai shi. Sai dai ko shi ɗin, a jariri ana karanta shi da wani ido daban. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen zamani iyakar manya 14 ce, amma jarirai masu ƙoshin lafiya sukan zarce wannan nesa ba kusa ba a kwanakinsu na farko, sannan ya riƙa sauka a hankali cikin makonni da watanni.

Dalilin yana cikin aikin da zuciyar ke yi a ranar haihuwa, wanda ni a ganina babu ranar da ta kai ta nauyi a rayuwar zuciyar ɗan Adam. A cikin ciki huhu ba ya aiki, cike yake da ruwa, mabiyiya ce ke ba ɗan tayi iska ta igiyar cibiya. Jini yana kauce wa huhun ta wasu gajerun hanyoyi: akwai 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, akwai kuma wata jijiya da ke haɗa babbar hanyar huhu da babbar hanyar jiki. Da numfashin farko huhu ya buɗe, jini ya kwarara cikinsa, aka yanke cibiya, 'yar ƙofar ta rufe, jijiyar nan ta fara tsukewa, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku ta daina wucewa da jini. Ɓangaren hagu na zuciya, wanda a da yake raba kaya da na dama, sai ya wayi gari shi kaɗai ke tura jini duk jiki. Zuciyar da ba ta wuce dunƙulen hannun jaririn ba, tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti guda, ita ke ɗaukar wannan sauyi a cikin 'yan sa'o'i. Ɗan abin da ya tsiyaya daga gare ta a irin wannan rana ba abin mamaki ba ne.

Wannan shi ne kashi na farko: jaririn da yake tsotso, launinsa garau, numfashinsa daidai, amma takardarsa cike da taurari. Shi abin da yake buƙata shi ne likita ya duba shi da kyau, in ya ga dama ya maimaita gwajin bayan wasu kwanaki don ya tabbatar lambar tana sauka. Ba ya buƙatar magani don lambar.

Ɗan ƙanwata ba ya cikin wannan kashin, kuma likitan bai ɓoye mana ba. Shi ya rasa isasshiyar iska a lokacin naƙuda, kuma wannan ne babban dalilin da ke sa sinadaran su hau hawa na gaske. Idan iska ta yi wa ɗan tayi ƙaranci, ko don naƙuda ta daɗe, ko cibiya ta matse, ko mabiyiya ta fara rabuwa da mahaifa, ko uwa tana da hawan jini mai kai wa ga jijjiga, jikinsa yana da dabarar da Allah ya hore masa. Yana janye jini daga fata da tsoka da hanji da ƙoda, ya tattara shi ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Zuciyar jariri kuma tana da ajiyar suga a cikin tsokarta fiye da ta babba, tana iya ci gaba da bugawa da wannan ajiya ko da iska ta yi ƙasa. Amma ajiya ƙarewa take yi. In wahalar ta ɗore, tsokar zuciyar ita ma ta galabaita, bugunta ya yi rauni, jini ya kasa kaiwa inda ake so ya kai, har ƙwaƙwalwar da ake ta karewa.

Likitoci biyu, Rowe da Hoffman, sun bayyana wannan yanayi a 1972, suka kira shi da sunan da ke nufin ƙarancin jini na ɗan lokaci a tsokar zuciyar jariri. Kalmar "ɗan lokaci" tana cikin sunan tun asali, domin abin da suka gani shi ne yana wucewa. Jaririn yakan yi numfashi da sauri, ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, hawan jininsa ya faɗi, hantarsa ta ɗan kumbura. Wani lokaci likita yakan ji wata ƙara a ƙirjin, saboda ƙananan tsokokin da ke riƙe murfin ƙofar ɓangaren dama sun yi laushi, jini yana ɗan komawa baya. A irin waɗannan jariran tiroponin yana hawa gwargwadon wahalar da aka sha, shi ya sa likitoci ke amfani da shi a matsayin manuniyar nauyin abin da ya faru da jikin gaba ɗaya.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A duniya kusan jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar a taimaka masa kafin ya fara numfashi. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 suna rasuwa kafin su cika wata guda, kuma rashin iska wajen haihuwa yana cikin manyan dalilai uku, tare da haihuwar bakwaini da shigar ƙwayoyin cuta. Binciken ya kuma nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma ba su kai kashi 20 ba. Ma'ana, yawancin jariran da zuciyarsu ta sha wannan wuya a garuruwanmu babu wanda ya taɓa auna musu CK-MB. An dai ce "bai yi kuka da wuri ba", aka yayyafa masa ruwan sanyi, aka buga kwano kusa da kunnensa, aka riƙe shi ta ƙafa a zazzage, da ya yi ɗan motsi aka ce an auna arziki, aka shiga hidimar mai jego. Wannan jaririn ya fi ba ni tsoro fiye da mai takarda a hannu. Abin da ke ceton wanda bai yi numfashi ba shi ne a goge shi da busasshen zane, a shafa bayansa, in bai amsa ba a fara matsa masa iska da robar nan a cikin minti ɗaya na farko. Shirin horar da ungozomomi da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fito da shi a 2010 a kan wannan minti guda aka gina shi.

Ba rashin iska kaɗai ke jawo hawan ba. Ƙwayoyin cuta da suka shiga jini suna raunana zuciya, kuma su maganinsu allurai ne na kashe ƙwayoyin. Bakwaini mai fama da huhun da bai nuna ba yakan nuna hawan. Jaririn da mahaifiyarsa ke da ciwon suga, wanda sau da yawa yakan zo da girma fiye da kilo 4, yana iya zuwa da bangon tsakiyar zuciya mai kauri, sugansa kuma ya faɗi bayan haihuwa. Kaurin nan yakan baje da kansa cikin watanni. Akwai nakasar halittar zuciya, wadda ke samun kusan jariri ɗaya cikin 100, kodayake yawancinta ba gwajin jini ke gano ta ba. In kuma CK gaba ɗayansa ya ƙi sauka a ɗa namiji bayan makonni, ya tsaya can sama, likita zai koma tunanin cutar tsokar jiki ta gado, wadda ba ta zuciya ba ce tun farko.

Guda ɗaya ce nake so a riƙe da kyau, domin tana zuwa ne ba zato. Jariri ne aka haifa lafiya, aka sallame shi, ana shirin suna ko an yi an watse, sai ya fara ƙin nono, ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, numfashi ya ƙaru. Wataƙila uwar ta yi ɗan zazzaɓi ko mura dab da haihuwa. Yana iya zama kumburin tsokar zuciya da wasu ƙwayoyin bairos ke kawowa, musamman dangin da ake kira Koksaki. A nan tiroponin yana hawa sosai, kuma a nan hawan yana nufin abin da ake tsoro: cuta ce mai kisa, wasu daga cikin waɗanda suka rayu kuma zuciyarsu takan daɗe da rauni. Irin wannan jaririn ba a kwana da shi a gida ana jiran gari ya waye.

Yanzu ga abin da likita ke yi da ya ce yaron yake dubawa. Yana ƙirga numfashi. 40 zuwa 60 a minti shi ne daidai, abin da ya haura 60 kuma ya ɗore abin lura ne. Yana kallon ƙasan haƙarƙari ko yana lotsawa, yana sauraron ko akwai nishi a ƙarshen kowane numfashi. Yana danna fatar ƙirji ya saki, ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa uku. Yana maƙala 'yar na'urar nan mai jan haske, mai auna yawan oksijin a jini, a hannun dama da ƙafa. 95 zuwa sama shi ake so, ƙasa da 90 kuwa matsala ce. Yana tambayar fitsari, domin ƙoda na cikin waɗanda aka fara janye wa jini. Yana auna suga. In akwai hali sai a yi zanen bugun zuciya, a kuma yi hoton zuciya da ake kira eko, wanda ke nuna tsokar tana aiki a idon mai kallo, da ƙofofinta, da ko akwai huji. Tsakanin kuɗin maimaita gwajin jini sau uku da kuɗin eko sau ɗaya, in likita ya ba iyaye zaɓi, ni eko zan ce su yi. Ana samunsa a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Babu wani magani da aikinsa shi ne sauke sinadaran. Jiki ne ke share su da kansa da zarar tsiyayar ta tsaya: CK-MB cikin kwana biyu zuwa uku, tiroponin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka lambar da aka gani yau labarin jiya da shekaranjiya take bayarwa, kuma jariri yana iya samun sauƙi takardarsa ba ta tarar da shi ba tukuna. Abin da ake yi a ɗakin jarirai shi ne a rage wa zuciyar kaya har ta farfaɗo. A ba shi oksijin gwargwadon buƙata, a riƙe ɗumin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5, a hana suga faɗuwa, a auna ruwan da ake ƙara masa da lissafi don kada a cika wa zuciya da ƙoda, a sa maganin ƙarfafa bugu irin dobutamin ko dopamin in hawan jini ya faɗi, a tsayar da jijjiga in ta zo. Jijjigar jariri, af, ba lalle ta zama irin ta manya ba: tana iya zama tsotsar leɓe ba dalili, ko ƙafafu suna juyawa kamar mai tuƙa keke, ko ido ya ƙafe. A ƙasar Sin an daɗe ana ɗaura wa yara ƙarin ruwa mai ɗauke da magungunan da ake cewa suna "ciyar da tsokar zuciya" da zarar an ga CK-MB ya hau, har a 2019 hukumar lafiyar ƙasar ta sa ɗaya daga cikinsu a jerin magungunan da ake sa wa ido saboda yawan rubuta su. Duk wanda ya kawo wa mai jego wani sirof ko jiƙo da sunan maganin sauke sinadarin zuciya, a gode masa a ajiye.

Wani zai ce ya ji a ƙasashen waje sanyaya irin waɗannan jariran ake yi. Gaskiya ne, ana sauke zafin jikinsu zuwa digiri 33.5 na tsawon sa'o'i 72, a fara cikin sa'o'i 6 na farko, don kare ƙwaƙwalwa, a ɗakunan da ke da na'urorin lura da kowane bugu. Amma da aka gwada haka a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna waɗanda aka sanyaya sun fi mutuwa, kashi 42 cikin 100, a kan kashi 31 na waɗanda ba a sanyaya ba. To ina ga ruwan randa a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi ko lafiyayyen jariri a jinkirta masa wanka zuwa sa'o'i 24.

Abin da ya fi sanyaya mini rai da na karanta shi ne yadda zuciyar jariri take warkewa. Da yawa daga cikin ƙwayoyin da suka tsiyayar da kayansu ba mutuwa suka yi ba, suma suka yi, in jini da iska suka dawo sai su farfaɗo. Zuciyar babba in wani yanki ya mutu tabo ne ke maye gurbinsa har abada. Ta sabuwar haihuwa kuwa tana da sauran ikon yin sababbin ƙwayoyi. A 2011 masu bincike a birnin Dalas na Amurka sun yanke ƙarshen zuciyar ɓeraye 'yan kwana ɗaya, cikin mako uku wurin ya tofo ya cike; da suka yi wa 'yan kwana bakwai, tabo ne ya fito. A 2016 kuma likitoci a Insburuk ta ƙasar Ostiriya suka ba da rahoton wani jariri da gudan jini ya toshe masa babbar jijiyar zuciya tun ranar haihuwa, bugun zuciya sosai irin na manya, aka narkar da gudan, cikin makonni aikin zuciyarsa ya dawo daidai. Wancan ɓera ne, wannan kuma jariri ɗaya ne, amma sun yi daidai da abin da likitocin jarirai ke gani yau da gobe: wanda ya tsallake kwanakin farko bayan rashin iska, yawanci zuciyarsa takan koma yadda take cikin kwanaki zuwa makonni, ƙarar ƙirjin ta ɓace, ya girma ya yi guje-gujensa.

Ƙwaƙwalwa ce ba ta da wannan sauƙin. Shi ya sa bibiyar da ake yi bayan sallama ta fi karkata gare ta, kuma shi ya sa nake jin zafin iyayen da ke daina zuwa asibiti da zarar an ce jini ya dawo daidai. A duba ko yana jin ƙara, ko yana bin fuska da ido, ko yana murmushi wajen wata biyu, ko wuyansa ya tsaya wajen wata huɗu, ko yana zama wajen wata shida zuwa tara, ko jikinsa ya cika sandarewa ko ya cika laushi. In an ga jinkiri da wuri, gashin ƙashi da motsa jiki a hannun ƙwararru suna taimakawa ƙwarai. Ta ɓangaren zuciya kuma, abin da uwa za ta fi kowa saurin ganewa yana wajen shayarwa: jaririn da ke kama nono ya saki yana haki, gumi yana tsattsafo masa a goshi, leɓensa yana duhu, nauyinsa ba ya ƙaruwa, a mayar da shi ko ranar da aka ba su ba ta zo ba.

A kwanakin da muka yi a can, ƙanwata tana tatsar dakashi a ɗan kofi, nas tana zuba wa yaron ta siririn bututun da aka sa masa ta hanci, cokali-cokali. Inna ta zo da ruwan zamzam da dabino a ƙullin leda, ta ce ko ɗigo ɗaya a sa masa. Nas ta ce, "Hajiya, yanzu haɗiyarsa ba ta yi ƙarfi ba, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. Ki yi masa addu'a ki shafa masa, in ya fito sai yadda kika ce." Inna ta tsaya a jikin gilashin ta yi addu'arta, ta mayar da ledar jaka. Da wanzami ya aiko tambayar ranar da zai zo cire beli, ita da kanta ta ce a ce masa ba yanzu ba, daga baya ma maganar ta bi ruwa. A kwana na uku aka cire masa oksijin. A na huɗu ya kama nono da kansa, ya tsotsa har ya yi barci a kai. Aka yi masa alluran rigakafinsa na haihuwa kafin sallama, domin hawan sinadaran ba ya hana su. An raɗa suna yana gida.

Da suka koma bayan mako shida aka maimaita eko, mai hoton ya ce ƙofar da ke ɗan mayar da jini ta daina. Mijin ƙanwata ya zaro tsohuwar takardar daga aljihu, duk ta yi laushi don ninkewa, ya ce, "Likita, ba za a sake auna wannan ba?" Likitan ya ce babu buƙata. Ya ɗauko tef ya auna zagayen kan yaron ya rubuta a kati, ya tafa hannu a bayan kunnensa ya ga ya zabura, ya kama hannayensa biyu ya ɗago shi a hankali yana kallon yadda wuyan ke biyowa. Sannan ya rubuta musu ranar dawowa, in ya cika wata uku.